Hular da Malam Ya Ƙi Wankewa

Kwanakin baya wata budurwa ta yi sallama a gidana nan Unguwar Sarki, waya a hannunta, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Baba Asabe, so nake ki koya mini ɗinkin hula kafin hutunmu ya ƙare. Na ga ai zama ne kawai, mutum na yi yana kallon fim." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ba ta allura da guntun ƙyalle, na ce ta yi mini huji ɗaya mai kyau. Ta yi ta fama har la'asar, ta tafi tana tsotsar yatsa, ban sake ganinta ba. Shi ya sa na ce wa autata Rabi ta zauna da biro, ni in faɗa ita ta rubuta, don ni ban yi boko ba. Ku yaran yanzu da kuke ganin hula a kan ubanninku kamar tsirowa ta yi, ga yadda ake yin ta.

Hular farko da na ɗinka, a gaban Gwaggo Dije na ɗinka ta, a cikin birnin Zariya, tun kafin a kawo ni Kaduna. Hula kashi biyu ce, akwai jiki, wato dogon ƙyallen da ke zagaye kai, akwai kuma sama, ɗan da'irar da ke rufe ta. Mai zane shi ke fara zana ado a kan farin ƙyallen, ke kuma naki bin zanen. Ki huda da tsinke, ki bi bakin hujin da zare har ya zagaye, ya zauna kamar idon kifi, sannan ki matsa gaba ki sake hudawa. Haka za ki yi ta yi har ƙyallen ya ɓace a ƙarƙashin zare. In kika ja zaren da ƙarfi, ƙyallen ya tsuke, hula ta matse mai ita. In kika sassauta, ranar wankin farko za ta tona miki asiri. Ba a taɓa aikin da hannun manja, ba a cin goro a kansa, kuma hasken safe ya fi kowane haske. Da na gama tawa na kai wa Gwaggo ina washe baki, ko kallon adon ba ta yi ba. Juya ta ta yi ta duba ciki, ta ga ƙulle-ƙulle kamar saƙar gizo, ta ɗauko reza ta farke aikin da na shafe damina guda ina yi. Na yi kuka, ta ce in na gama kukan in wanke hannu in zo mu fara.

A lokacin ban gane dalilin duba cikin ba, sai da Allah ya haɗa ni da mai wankin hula. Maigidana ke nan, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, Malam nake ce masa, 'yan kasuwa kuma Malam Mai Hula. Rumfarsa na cikin Babbar Kasuwa, a layin masu huluna, kusa da masu sayar da zare. Kayan aikinsa ba su da yawa: gumaguman ice da aka sassaƙa kamar kan mutum, manya da ƙanana, buroshi, sabulu, sitati, mabugi, da dutsen guga na gawayi. Hular da ta fito daga hannun maɗinkiya ba hula ba ce tukuna. Laƙwas take, duk gumin hannu, in ka ɗora ta a kai sai ta zube kamar tsumma. Sai mai wanki ya sa ta a gungume, ya goge ta da buroshi, ya ba ta sitati, ya shanya ta a rana, ya buge ta, ya bi ta da guga, sannan take miƙewa ta yi ƙyalli. Tun da na shigo gidan Malam, babu hular da ta fita daga hannuna ta je hannun wani mai wanki. Ni in ɗinka, shi ya wanke. Haka muka ci, haka muka sha, haka muka aurar da 'ya'ya.

Ni ban iya karanta lambar tef ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba, don ina da ma'aunina. In mutum na son hula, nakan ce a zagaya kansa da zare a ƙulla, a kawo mini. Tsohuwar hula ba na karɓa a matsayin awo, don wadda ta sha gumi da sitati ta riga ta saki ko ta tsuke. In aka kawo zaren, sai in jira Malam ya zauna cin tuwo, in cire masa hula in zagaya zaren a kansa. Duk manyan garin nan haka na san su: wannan kan Malam ne da yatsa ɗaya, wancan kan Malam ne saura yatsa biyu. Yakan ce, "Ta-Zazzau, ki bar ni in ci tuwona, kaina ba mudu ba ne." Yana faɗa yana miƙo kan. Akwai wani babban ma'aikaci a Unguwar Rimi da kansa ya fi na Malam da yatsa uku. Malam ya ce ai dole, takardun ofis ne cike a ciki.

Kasuwar hula tana tashi da sallah ƙarama, ta tashi da babba, amma shekarar zaɓen shugaban ƙasa ita ce sallarmu ta uku. A ƙasar nan ɗan takara ba ya shiga garin mutane da hularsa. In na Kudu zai zo nan, sai an nemo masa babbar riga da hular zanna, a koya masa gaisuwa biyu da Hausa, ya hau dandamali ya karya su, jama'a su yi tafi. In namu zai je can, shi ma a ɗora masa jar hula, ko a rataya masa murjani, ko a ba shi irin ta Yarabawa mai kwantawa gefe. Kowa ya san wasan, kowa kuma yana son a yi masa. Mu dai namu allura da sitati.

To, akwai wata shekarar zaɓe da wasan ya ƙi zama wasa. 'Yan takara sun yi yawa a shekarar, amma a bakin mutane kashi biyu ne kawai, namu da nasu. Ka shiga keke-napep, namu da nasu. Ka je gidan suna, namu da nasu. Ba a tambayar me mutum zai yi in ya hau, sai daga ina ya fito, wane yare uwarsa ke yi. Mutanen da suka tsufa suna cin kasuwa ɗaya suka fara duban juna ta gefen ido.

A wannan shekarar ne Iya Sikira ta zo mini da aiki. Iya Bayarabiya ce, amma a Kaduna aka yanke mata cibi, Hausa a bakinta ta fi ta wasu Hausawan. Ita ke sayar mini da zare tun ina goyon fari, rumfarta na kallon ta Malam. Ta shigo ta zauna a tabarmata, ta kwance bakin zani ta fito da zare mai ƙulli, ta ce, "Asabe, hula nake so wadda ba ki taɓa yin irinta ba. Zanna, ruwan toka da ruwan zuma. Babban mutum ne zai sa." A sana'armu ba a tambayar kan wa za a rufe. Mai shago ya kawo, dillali ya kawo, mata ta kawo na miji, ke dai ki karɓi zare. Kuma in kin riga kin huda ƙyalle, aikin ya zama amana, ba a mayar da shi. Na karɓa. Da Malam ya zauna cin abinci na zagaya zaren a kansa, sai ƙullin ya zauna daidai, babu ragi babu ƙari. Ban taɓa ganin haka ba. Malam ya ce, "To, wannan ko wane ne, mai hankali ne."

Na yi nisa da jikin hular, zumar ta fara fitowa a cikin tokar, sai magana ta fasu a kasuwa. Ashe wani ɗan'uwan Iya yana cikin masu yi wa wani ɗan takara Bayarabe kamfen, kuma hular ta ɗan takarar ce, ita zai sa ranar da zai zo taro Kaduna. Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi shi ne Alhaji Ɗanlami, babban dillalin huluna a layin su Malam. Shi ke sayen sababbin huluna daga ƙauyuka ya kawo wa Malam wanki buhu-buhu, rabin aikin rumfar daga hannunsa yake fitowa. Ya kuma tsunduma cikin kamfen ɗin wani ɗan takara na nan Arewa, har fosta ya manna a ƙofar shagonsa. Ya tsaya a gaban rumfar Malam, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Malam Mai Hula, ashe a gidanka ake ɗinka wa baƙo rigar shiga cikinmu? Ya sa hularmu ya yaudari talakawa, ya kwashe ƙuri'unmu ya tafi?" Malam ya ce shi bai san kan wane ne ba. Alhaji ya ce, "Yanzu ai ka sani." Ya sa aka kwashe hulunansa, har waɗanda ke jiƙe a kan gungume. Wasu suka bi sahunsa. Kafin mako ya zagayo, gumaguman Malam suna jere a rana tsirara, kamar kawunan da aka yi wa aski.

Ran nan Malam ya dawo gida, ya zauna, ko hular kansa bai cire ba. Ya ce, "Ta-Zazzau, ki mayar wa Iya aikinta."

Na ce, "Malam, na huda."

Ya ce, "Na san kin huda. To ki sani, ni ba zan wanke ta ba."

Na ce, "Hular tawa?"

Ya ce, "Ba taki ba ce, ta Bayarabe ce. In na ɗora ta a gungumena, na tashi daga layin nan ke nan. A ina zan zauna da tsufana?"

Gaskiyarsa ce. Amma ni ma ina da tawa. Na ci gaba da ɗinki a gabansa, shi kuma ya koma juya mini baya in zai ci tuwo. Ku da kuke ganin sana'a zama ce kawai, ku ji wannan: abinci ya ragu a gidanmu a watannin nan, amma ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hular za ta kammalu, ba ta da mai wanki. Masu wanki suna da yawa a Kaduna, wasu ma yaran Malam ne da ya yaye. Sai dai duk wanda na miƙa wa, kafin azahar kasuwa ta ji cewa matar Malam Mai Hula ta kai aiki wani wuri. Wannan ya fi kwashe hulunan Alhaji ciwo. In kuma na ba Iya ita laƙwas, na ci amanar aiki, na kunyata ta a gaban danginta.

Na haɗa jiki da sama, na datse zaren ƙarshe. Na juya cikinta na duba kamar yadda Gwaggo Dije ke yi, babu ƙulli ko ɗaya. Ban taɓa yin aiki mai kyanta ba, ga ta kuma a cinyata kamar tsumman goge tukunya. Ranar taron ta matso, Iya ta aiko tana tambaya. Da hantsi na naɗe hular a ɗankwali, na hau keke-napep zuwa kasuwa. Niyyata in ba Iya haƙuri in miƙa mata ita yadda take, ta nemi mai wanki da kanta. Amma na ce bari in fara biyawa ta wajen Malam, kada ya ji a bakin wani.

Da na isa, sai na ga abin da ban saba gani ba. An rataya buhu a bayan rumfar kamar labule, Malam na tsaye a bakinsa yana ta murmushi, irin murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya matso ya rage murya ya ce, "Alhaji ya dawo. Aiki ya kawo mini a ɓoye, na kuwa yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Sitati biyu na ba hular." Ashe an zaɓi Alhaji Ɗanlami cikin tawagar da za ta raka ɗan takararsu ƙasar Yarabawa neman ƙuri'a, aka ce kowa ya nemi shigar mutanen can. Ya samo hularsu ta saƙin da suke kira ashoke, ta daɗe a akwati tana warin ajiya, ya kawo wa Malam a baƙar leda, ya ce kada kowa ya gani. Ita wannan hula doguwa ce mai taushi, kyanta shi ne a sa ta a karya ta gefe ta kwanta. Malam kuwa tun yana yaro abu ɗaya ya sani: hular kirki tsayuwa take yi. Ya samo gungumensa mafi tsawo, ya cusa takarda a inda gungumen bai kai ba, ya shayar da ita sitati, ya shanya, ya ƙara mata, ya buge ta har tana ƙara.

Alhaji na bayan buhu yana gwadawa. Buhun ya rufe shi har goshi, amma bai rufe hular ba. Sai ga wani abu mai ratsin shuɗi da ja ya ɓullo ta saman labulen, tsaye ƙiƙam kamar an kifa turmi, yana juyawa hagu, yana juyawa dama. Muka ga hannu ya fito ya danna shi gefe, ya saki, abin ya koma ya miƙe. Ya sake dannawa, ya sake miƙewa. Mai shayin layin ne ya fara gani, ya taɓa na kusa da shi. Kafin ka ce me, rabin layi ya tsaya yana kallo.

Iya Sikira ta taso daga rumfarta tana tafa hannu, ta ce, "Inna lillahi! Wa ya kashe mana hula? Wane ne a ciki? Fito mu gan ka, ɗan'uwa!"

Babu yadda zai yi, ya fito. Alhaji Ɗanlami ne, da gemunsa da carbinsa, da turmi a ka. Layin ya kwashe da dariya, har masu yadi suka leƙo. Mai shayi ya durƙusa ya gaishe shi da Yarabanci. Wani ya ce, "Alhaji, a sunkuya a ƙofar mota!" Alhaji ya fizge hular yana cewa, "Malam, me ka yi mini haka? Na ce ka wanke, ban ce ka gina ba!"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta tsaya."

Iya ta ce, "Tsayuwar ce matsalar, Malam. Tamu kwanciya take yi." Ta karɓe ta daga hannun Alhaji, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar ƙwarya. Ta ce wa mai shayi ya ba ta ruwan ɗumi a roba. Ta tsoma ta, ta murza, ta zubar da ruwan fari fat, ta sake, har saƙar ta saki. Ta matse ta a tawul, ta ce, "Zauna, Alhaji." Ya waiga hagu da dama, ya zauna a bencin Malam. Ta ɗora masa, ta sa yatsu biyu ta karya ta gefe. Ta ja da baya ta dube shi, ta ce, "Yauwa. Yanzu ka zama mijin aure a Ibadan. In ka je ka ce Iya Sikira ta Kaduna na gaishe su, ka kuma roƙo mana ƙuri'ar da kyau."

Duk wannan Malam na tsaye yana kallo, bai yi dariya ba. Can sai ya ce, "Alhaji, in tambaye ka. Kai za ka sa tasu ka je ka roƙi ƙuri'arsu?"

Alhaji ya ce, "Ai siyasa ce, Malam."

Malam ya ce, "Shi kuma nasu zai sa tamu ya zo ya roƙi tamu."

Alhaji ya ce, "Wannan daban."

Malam ya ce, "To, kai ka sa, shi ya sa, ni kaɗai aka hana wanki?" Ya juyo wajena ya miƙo hannu. "Ta-Zazzau, me ke cikin ɗankwalin nan?"

Na ce, "Ka sani."

Ya ce, "Kawo."

A gaban kowa ya warware ta. Bai kalli adon ba, juya ta ya yi ya duba ciki, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Hm." A bakin Malam wannan kalma ta fi kirari. Ya zaɓo gungumen da ya dace, ya fito da shi bakin rumfa inda kowa zai gani, ya ɗora ta, ya kama buroshi. Na zauna a rumfar Iya muna cin gyaɗa muna kallonsa. Rana ta yi kyau a ranar, kafin la'asar ta bushe. Ya buge ta, ya bi ta da guga, zumar nan ta fito tana ɗaukar ido. Da ya gama sai ya yi abin da yake yi wa duk hular da na ɗinka kafin ta bar hannunmu: ya cire tasa ya ɗora ta a kansa. Ta zauna kamar don shi aka yi. Mai shayi ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Sai ka yi, Ɗan Takara!" Layi ya ɗauka. Daga ranar sunan ya bi shi, har yaran da ba su san dalili ba Ɗan Takara suke ce masa, yana amsawa yana yi musu alkawarin titi da ruwan famfo.

Ba zan ce muku komai ya gyaru a ranar ba. Alhaji ya ɗauki hularsa ya tafi ba sallama, sai da aka gama zaɓe da daɗewa buhunsa ya dawo, shi ma aikowa ya yi. Akwai waɗanda ba su sake kawo wa Malam wanki ba har ya bar duniya. Amma masu dawowa sun fi yawa, don mutum ba ya iya riƙe fushi da wanda suka yi dariya tare.

Ranar taron muka je gidan maƙwabta kallon talabijin. Ga mutumin a dandamali, baƙi, kakkaura, da babbar riga. Aka ɗora masa hulata, ta zauna daram, jama'a suka yi tafi. Na ji kamar ni aka naɗa. Sai kawai muka ga ya ɗaga hannu ya kama samanta, ya danna ta gefe zai kwantar da ita irin tasu. Malam ya zabura ya miƙe tsaye yana yi wa talabijin tsawa, "Kai! Kai! Ba a karya ta! Sake ta, bawan Allah!" Matan gidan suka yi ta dariya har da hawaye. Haka mutumin ya gama jawabinsa da hula a lotse, Malam kuwa ya ƙi cin abincin rana don takaici. Daga mai hulata har ɗan takarar su Alhaji babu wanda ya ci zaɓen, yanzu ko sunansu ba a ambata.

Malam ya rasu bayan wannan da 'yan shekaru, ciwon kwana kaɗan. Rabi, rubuta, kada ki tsaya don ina kuka, kukan nan ya zama abokin zamana. Aka raba kayansa yadda addini ya ce, hulunansa suka tafi kan 'yan'uwa da 'ya'ya, gumaguman suka koma hannun wani yaronsa da ke wanke mini aiki yanzu. Yana ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka, sai dai ba ya duba ciki.

Da na fita takaba, aikin farko da aka kawo mini na wani ango ne. Na karɓi zaren, na dafa tuwo, na zauna da zaren a hannu ina jiran a yi sallama. Sai da tuwon ya huce na tuna Malam ba zai shigo ba. Na rasa yadda zan yi, don ban san girman kan kowa ba sai da nasa. Na kusa aika wa mutanen su zo su karɓi kayansu. Ina cikin binciken gwangwanin allurai sai hannuna ya taɓo wani tsohon zare mai ƙulli ɗaya, wanda Iya Sikira ta kwance daga bakin zaninta. Na miƙe shi a cinyata, na jera na angon a gefensa. Kan Malam saura yatsa ɗaya.

Da shi nake awo har yau. Wani zaɓen na tafe, an fara kawo aiki, an kuma fara namu da nasu a keke-napep. Iya ta tsufa, 'yarta ke zama a rumfa, amma takan zo mu zauna a tabarma. Ran nan ta gan ni ina shafa zaren, ta ce, "Asabe, kan mutuminmu Bayarabe ne fa kike shafawa haka." Na ce, "Naki ne da safe in ana awo. Sauran yini nawa ne." Ta yi dariya, ni ma na yi, sannan muka yi kuka tare, ta tashi ta ɗora mana ruwan shayi.